Shaidar da ke ɗaure a wuyan hannu

A shekarar 1992 wasu likitoci a birnin New York suka wallafa wani ɗan bincike wanda har yau masana abinci ba su daina ambatonsa ba. Sun zaɓi mutum goma masu ƙiba, dukkansu suna cewa abin da suke ci a yini bai kai kalori 1,200 ba, amma ƙibar ta ƙi sauka. Aka bi su har mako biyu ana auna abin da ke shiga cikinsu da abin da jikinsu ke ƙonawa. Da aka yi lissafi, sai aka tarar abincin da suka ambata ya gaza wanda suka ci da kashi 47 cikin ɗari, motsa jikin da suka ce sun yi kuma ya zarce na gaskiya da kashi 51. Ba wai sun shirya ƙarya ba ne. Mantuwa ce irin ta ɗan Adam: lomar da aka kai baki a tsaye, ragowar abincin yaro da aka ƙarasa don kada a zubar, lemon da aka sha a hanya, duk ƙwaƙwalwa ba ta lissafa su cikin cin abinci.

Wannan ita ce tsohuwar matsalar duk mai nazarin yadda mutane ke rayuwa. Likita yana da hanyar auna jini da fitsari, amma in aka zo ga abin da mutum ya ci, da yawan tafiyarsa, da tsawon barcinsa, sai dai ya tambaya ya rubuta abin da aka faɗa masa. A kan irin waɗannan amsoshi aka gina da yawa daga shawarwarin lafiya na ƙarni na ashirin. A binciken lafiyar jama'a na Amurka na 2003 zuwa 2004 aka ɗaura wa dubban mutane ƙaramar na'urar auna motsi a ƙugu har mako guda. Da baki, kusan rabin manya sun ce suna cika ƙa'idar motsa jiki. Na'urar kuwa ta nuna waɗanda ke samun minti talatin a mafi yawan ranaku ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba. Gaskiya ne na'urar ƙugu ba ta ganin tuƙa keke ko ɗaukar kaya yadda ya kamata, saboda haka ta tauye wa wasu haƙƙinsu, amma tazarar ta fi ƙarfin a ɗora wa na'urar ita kaɗai. Gani ya kori ji.

Tunanin a bi mutum da awo har cikin gidansa ya girmi wayar salula nesa ba kusa ba. A ƙarshen shekarun 1940 wani masanin kimiyya a jihar Montana, Norman Holter, ya haɗa na'urar da ke aika bugun zuciya ta rediyo. Nauyinta ya kai kilo 38, a baya ake goya ta. Har yau da sunansa likitocin zuciya ke kiran ƙaramar na'urar da suke liƙa wa majinyaci ya wuni ya kwana da ita. Abin da ya sauya shi ne girma da farashi. Cikin agogon hannu ko zobe na yanzu akwai ɗan mitsitsin ma'auni da ke jin motsi ta fuska uku, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. A bayan agogon kuma akwai koren haske da ke shiga fata: duk lokacin da zuciya ta turo jini, jinin yakan shanye hasken, abin da ya dawo sai ya ragu, kuma daga wannan hawa da sauka ake ƙirga bugu. Wasu na'urorin suna auna ɗumin fata, wasu iskar oksijin, wasu suga.

Akwai abin da mai agogo ya kamata ya sani tun da fari. Yawancin lambobin da ke fitowa a fuskar agogon ƙiyasi ne. Agogo bai san taku ba, motsin hannu kawai ya sani, wata manhaja ce ke yanke hukuncin cewa wannan tafiya ce, wancan kuwa goge haƙori ne. Bai san barci ba, rashin motsi da lafawar zuciya yake gani. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai a jikin mutum sittin, suka kwatanta su da kayan awo na asibiti. Wajen bugun zuciya shida daga ciki sun yi abin kirki, kuskurensu bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Wajen kalori kuwa babu wadda ta tsallake: mafi dama-dama ta kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93. Duk wanda ke ƙara cokali saboda agogo ya ce ya ƙona kalori 600 a kan iska yake gina lissafinsa.

Duk da haka, inda aka tara dubban mutane aka bi su shekaru, na'urorin sun gyara abubuwan da aka daɗe ana maimaitawa ba tare da hujja ba. Taku dubu goma a yini, wanda mutane da yawa suka ɗauka umarnin likitoci ne, ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙirga taku da kamfanin Yamasa ya fitar a Japan a 1965, shekara ɗaya bayan gasar Olamfik ta Tokyo. Sai a 2019 I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta gwada lambar a kan mata 16,741 waɗanda matsakaicin shekarunsu ya kai 72. Masu taku kusan 4,400 a yini sun fi masu 2,700 ƙarancin mutuwa da kimanin kashi 41 cikin ɗari a shekarun da aka bi su. Amfanin ya ci gaba da ƙaruwa har zuwa wajen taku 7,500, daga nan ya tsaya. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda dubu goma ke sa ta fid da rai tun kafin ta fara, wannan labari ne mai ƙarfafa gwiwa ƙwarai.

Babbar taskar irin waɗannan bayanai tana Birtaniya. Shirin UK Biobank ya tara mutum rabin miliyan tsakanin 2006 da 2010, sannan daga 2013 zuwa 2015 ya aika wa sama da dubu ɗari daga cikinsu na'urar wuyan hannu ta gidan waya, kowa ya ɗaura kwana bakwai ya mayar. Da yake an haɗa bayanan da takardun asibiti da rajistar mutuwa, ana iya komawa a ga yadda mako ɗaya na rayuwar mutum ya yi hasashen shekarun da suka biyo baya. Emmanuel Stamatakis na Jami'ar Sydney ya duba mutum 25,241 daga ciki waɗanda suka ce ba sa motsa jiki ko kaɗan. Na'urar ta kama abin da su kansu ba su lura da shi ba: hawa bene da sauri, sassarfa don kada mota ta tashi, ɗaukar kaya masu nauyi na minti ɗaya ko biyu. Masu irin wannan yunƙuri sau uku a yini sun fi sauran ƙarancin mutuwa da kusan kashi 40 cikin ɗari, mutuwa ta ciwon zuciya kuwa da kusan rabi. Babu takardar tambayoyin da za ta iya kamo wannan, domin babu mai tuna sau nawa ya yi sauri jiya.

Sai dai a yi hattara da irin wannan sakamako. Mutum na iya daɗewa a duniya saboda yana tafiya da sauri, yana kuma iya tafiya da sauri saboda dama lafiyarsa ƙalau. Masu bincike suna ƙoƙarin cire waɗanda suka fara rashin lafiya daga lissafi, amma cuta takan daɗe tana rage wa mutum kuzari kafin a gano ta. Wannan raunin kansa ya zama hanyar bincike. A 2023 wasu manazarta a Jami'ar Cardiff suka nuna cewa a bayanan Biobank ana iya ganin motsin wasu mutane ya yi sanyi har shekara bakwai kafin likita ya ce suna da cutar Parkinson mai sa karkarwa.

Na'urorin sun kuma je wuraren da takardar tambayoyi ba ta da amfani. A arewacin Tanzaniya, mutanen Hadza, waɗanda wasunsu har yanzu farauta da tsince-tsincen daji ne abincinsu, sun ɗaura su don masu bincike Herman Pontzer da David Raichlen. Sun fi mutanen birni tafiya nesa, amma jimillar ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa a yini, in aka yi la'akari da girman jiki, kusan ɗaya yake da na mazauna Amurka da Turai. Kuma suna shafe kusan awa goma a yini ba sa tafiya, sai dai yawanci a ƙasa suke zama, ko a tsugune ko a durƙushe, ba a kujera ba. Wani bincike na 2015 a kan su da mutanen San na Namibiya da Tsimane na Bolibiya ya tarar barcinsu tsakanin awa 5.7 ne da 7.1 a dare, ba tare da lantarki ko waya ba. Zancen cewa kakanni suna barcin awa tara sai da zamani ya zo ya ɓata, bai tsaya da ƙafafunsa ba.

A fannin abinci ne aka fi samun zumuɗi, a nan ne kuma aka fi wuce gona da iri. Na'urar awon suga ta dindindin wani ɗan faifai ne da ake mannawa a bayan damtse ko a ciki, da siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata. Ruwan da ke tsakanin nama take aunawa, don haka tana ɗan jinkiri a bayan jini da 'yan mintoci, amma tana ba da lamba duk bayan minti ɗaya zuwa biyar, dare da rana. Don masu ciwon suga aka ƙirƙiro ta, kuma ga mai allurar insulin ta sauya rayuwa: tana yin ƙara idan suga ya yi ƙasa da tsakar dare, lokacin da mutum ke iya suma cikin barci. A 2015 Eran Segal da Eran Elinav na Cibiyar Weizmann a Isra'ila suka manna ta wa mutum 800 waɗanda ba a san su da ciwon suga ba, suka bi abinci 46,898 da suka ci cikin mako. Abinci ɗaya, martani daban-daban. Akwai wanda ayaba ta ɗaga masa suga biskit bai ɗaga ba, akwai wanda nasa akasin haka ne. A 2020 binciken PREDICT na Kwalejin King's da ke Landan, mai mutum kusan dubu, ya nuna hatta tagwaye masu kama ɗaya martanin jikinsu yakan bambanta.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Kamfanoni suka fara sayar wa masu lafiya alkawarin gano abincin da ya dace da jikin kowa, kuma a watan Maris na 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Stelo na kamfanin Dexcom, na'ura ta farko irin wannan da ake saye a ƙasar ba tare da takardar likita ba. Amma Kevin Hall da abokan aikinsa a Cibiyar Lafiya ta Ƙasa ta Amurka sun yi gwajin da ya kamata a ce da shi aka fara. Sun duba mutum talatin da aka kwantar a sashen bincike, inda ake auna duk abin da suka ci, aka ba kowa abinci iri ɗaya sau biyu da tazarar mako. Martanin mutum ɗaya ga abinci ɗaya ya yi ta sauyawa, kusan kamar an ba shi abinci biyu mabambanta. Barcin jiya, tafiyar da aka yi kafin ci, abin da aka ci da safe, har da kuskuren na'urar, duk suna ciki. Wanda ya daina cin ayaba saboda hawan da ya gani sau ɗaya ya yi gaggawa. Hawan suga bayan cin abinci a jikin mai lafiya aikin jiki ne na yau da kullum, kuma wanda ya mai da hankali ga suga kaɗai yana iya gudun 'ya'yan itace ya faɗa wa kitse, wanda ba ya ɗaga suga amma yana da nasa lissafin a jijiyoyin zuciya. Agogo ko zoben da ke cewa yana auna suga ba tare da huda fata ba kuwa, hukumar ta Amurka ta yi gargaɗi a Fabrairun 2024 cewa ba ta amince da ko ɗaya ba, kuma irinsu sun cika shagunan intanet.

Inda na'urar ta yi aiki na gaske ga Musulmi shi ne azumin Ramadan. Wani babban bincike a ƙasashe 13 da aka wallafa a 2004 ya nuna kashi 79 cikin ɗari na masu ciwon suga nau'i na biyu suna azumtar aƙalla kwana goma sha biyar, ko likita ya yarda ko bai yarda ba. A Abu Dhabi, Nader Lessan ya manna wa masu azumi na'urar, sai hoton yinin ya fito sarai: suga yana sauka a hankali tun daga sahur, ya yi ƙasa gab da magariba, sannan ya yi tsalle bayan buɗa-baki, musamman ga masu shan insulin ko magunguna masu ƙarfi. Jagorar da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar tare da ƙawancen likitoci masu nazarin azumi ta ce awon suga ba ya karya azumi, kuma majinyaci ya sha ruwa idan lambar ta faɗi ƙasa da 70 ko ta haura 300. Ga dattijon da ke buɗa baki da dabino da kunu mai sukari da ƙosai, sannan tuwo ya biyo bayan asham, mako biyu da wannan na'ura a damtse na iya nuna masa da likitansa abin da awon asibiti sau ɗaya a wata ba zai taɓa nunawa ba.

Har yanzu dai suga ba shi ne abinci ba. Don sanin ainihin abin da ke shiga baki, masu bincike daga Kwalejin Imperial ta Landan da wasu jami'o'in Amurka, da tallafin Gidauniyar Gates, sun kai ƙananan kyamarori gidaje a Gana, wasu a jikin tabarau, wasu a ƙirji, suna ɗaukar hoto da kansu yayin girki da ci. Dalilin zuwa Afirka a bayyane yake. Hanyoyin da aka tsara a Turai sun ɗauka kowa da farantinsa, alhali a nan yara huɗu na iya zama kan kwano ɗaya, kuma mai ƙaramin hannu shi ke tashi da yunwa ba tare da kowa ya lura ba. Kyamara na iya ƙirga lomar kowa. Amma kyamarar da ke kallon kwano tana kallon tsakar gida da duk wanda ya gifta, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da ba a shiga ba sallama.

Batun gano cuta tun kafin ta bayyana shi ne alkawarin da ya fi sayar da agogo. Binciken zuciya na Apple, wanda Stanford ta gudanar aka wallafa a 2019, ya tara mutum 419,297 cikin wata takwas, adadin da a da sai dai a yi mafarkinsa. Abin da ake nema shi ne wata rikicewar bugu inda ɗakunan sama na zuciya ke karkarwa maimakon bugawa, jini ya yi gudaji ya tafi ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Agogon ya yi wa mutum 2,161 gargaɗi, wato kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Daga cikinsu 450 ne kawai suka ɗaura na'urar tabbatarwa suka mayar, kuma kashi 34 na waɗannan aka samu da cutar a lokacin awon. Fiye da rabin mahalarta ba su kai shekara arba'in ba, alhali cutar ta tsofaffi ce. Masu agogon da masu haɗarin ba mutane ɗaya ba ne.

Ko an gano ma, tambaya ta rage: ganowar ta hana shanyewar jiki? A Denmak an gwada wannan a kan tsofaffi 6,004 masu shekara 70 zuwa 90, aka dasa wa kashi ɗaya bisa huɗu ƙaramar na'ura ƙarƙashin fatar ƙirji. An gano cutar kusan ninki uku a cikinsu, an ba da yawa maganin tsinka jini, amma raguwar shanyewar jikin ba ta kai matakin da za a tabbatar ba sa'a ce kawai ba. Haka lamarin yake a lokacin korona. A Stanford, cikin mutum 32 da suka kamu suna ɗauke da agogo, 26 sun nuna sauyi a bugun zuciya ko taku ko barci, da yawa kafin su fara jin jiki. Amma zuciya takan ƙara sauri saboda zazzaɓi kowane iri, da ɓacin rai, da doguwar tafiya, da rashin barci. Agogon yana iya cewa akwai wani abu, ba ya iya cewa mene ne.

Sauya hali ma ya fi wuya fiye da yadda aka zata. A Pittsburgh an bi matasa 471 masu neman rage ƙiba har shekara biyu, aka ba rabi na'urar damtse. Masu na'ura sun rage kilo 3.5, marasa ita kilo 5.9. A Singafo an ba ma'aikata na'urar ƙirga taku ta Fitbit a wani gwaji na mutum 800: waɗanda ake biya kuɗi sun ƙara tafiya muddin ana biya, da aka daina suka koma gidan jiya, kuma bayan shekara ɗaya kashi 10 cikin ɗari ne kawai ke ɗaura ta. Ba a ce ba ta da amfani sam ba. Wani nazari na 2022 da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa ya tarar matsakaicin ƙarin taku 1,800 a yini da raguwar nauyi kusan kilo ɗaya. Riba ce ta gaske, amma ƙarama, kuma takan fi ɗorewa inda akwai mutum a gefe, ma'aikacin lafiya ko abokin tafiya, da ke tambayar yadda aka kwana.

Sai kuma tambayar da ta fi shafar mai karanta wannan: jikin wa aka auna? Daga mutum miliyan tara da aka gayyata Biobank, kashi 5.5 ne suka amsa, sun fi sauran jama'a lafiya da wadata, kuma kusan kashi 95 fararen fata ne. A shirin All of Us na Amurka, binciken 2022 da ya danganta taku 8,200 da raguwar ƙiba da wasu cututtuka ya dogara ne da masu Fitbit 6,042, kashi 84 farare, kashi 71 masu digiri. Manhajar da ta koyi motsi daga irin waɗannan mutane ba ta san daka ba, ba ta san jan guga daga rijiya ko sunkuyon noma ba. Batun fata ya fi wannan tsanani. A 2020 likitoci a Jami'ar Michigan suka kwatanta abin da na'urar auna oksijin ta yatsa ke nunawa da ainihin oksijin na jini. A lokutan da na'urar ta ce lafiya lau, kashi 11.7 na awon baƙaƙen fata sun kasance cikin ƙarancin oksijin mai haɗari, farare kuwa kashi 3.6. Na'urar da ke aiki da haske dole launin fata ya shiga lissafinta, kuma sai a Janairun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da daftarin ƙa'idar da ke neman masu ƙerawa su gwada kayansu a kan launuka masu yawa. Irin waɗannan na'urori ne ake maƙala wa yatsan yaro mai ciwon huhu a asibitocin Kano da Damagaram.

Bayanan kansu dukiya ne. Google ta sayi Fitbit kan dala biliyan 2.1, kuma Tarayyar Turai ba ta amince ba sai da aka yi alkawarin ba za a yi talla da bayanan lafiyar ba har shekara goma. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta hanyoyin masu gudu ta zana sansanonin soja a Afganistan da Siriya, wasu kuma suka gano irinsu a yankin Sahel. Abin da ya tona asirin soja ba zai bar na farar hula ba: inda mutum ke kwana, lokacin da yake tashi, ko mace ta samu juna biyu. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, amma bayanan agogo a kwamfutocin ƙasashen waje suke kwana.

Mafi kyawun misalin abin da awo na jiki zai iya yi wa talaka ya fito ne daga madafi. Sama da mutum biliyan biyu a duniya da itace ko gawayi ko kara suke girki, kuma hayaƙin yana kashe miliyoyi duk shekara. A gwajin HAPIN an ɗauki mata masu juna biyu 3,200 a Gwatemala da Indiya da Peru da Ruwanda, aka ba rabi murhun gas da gas kyauta. Matan sun sa riga mai ɗauke da na'urar auna ƙurar hayaƙin da suke shaƙa cikin awa ashirin da huɗu. Hayaƙin ya ragu da kusan kashi biyu bisa uku, amma nauyin jarirai a haihuwa bai bambanta ba. Da babu na'urar, da an ce matan ne suka ƙi amfani da murhun, a ɗora musu laifi a wuce. Da yake an auna, an san sun yi amfani da shi, sai tambayar ta koma inda ya dace: ko an makara ne da aka fara bayan ciki ya yi watanni, ko abinci da sauran wahalhalu sun fi hayaƙin nauyi a kan jariri.

A Nouna da ke arewa maso yammacin Burkina Faso, cibiyar binciken lafiya ta garin da Jami'ar Heidelberg ta Jamus sun raba wa mutanen karkara agogo don ganin abin da zafi ke yi wa barcinsu da zuciyarsu da aikinsu. Sun gamu da abin da duk mazaunin Sahel zai yi tsammani, wato caji da ƙarancin intanet da giɓi a bayanai, amma sun nuna abin mai yiwuwa ne. A Indiya kuma akwai Bempu, ɗan abin hannu na jarirai masu ƙarancin nauyi, wanda ba ya buƙatar waya ko karatu: in jikin jinjiri ya yi sanyi sai haskensa ya sauya ya yi ƙara, uwa ta rungume shi a ƙirji fata da fata. Ƙarfinsa shi ne gargaɗin yana zuwa tare da abin yi, kuma abin yin yana hannun uwa.

Da wannan ma'auni ya kamata a duba sauran. Na'urar suga ta mako biyu tana nufin sayen guda 26 a shekara, abin da ya fi ƙarfin yawancin masu ciwon a Najeriya da Nijar, don haka ya fi dacewa a ajiye ta ga masu insulin, da yara, da lokuta irin na azumi. A Najeriya, inda kusan ɗaya cikin uku na manya ke da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba, gidan da ke da kuɗin na'ura ɗaya ya fi cin riba da ma'aunin hawan jini na damtse fiye da agogo mai launi. A ɓangaren bincike kuwa, asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da jami'ar Yamai suna kewaye da tambayoyin da Biobank ba za ta amsa ba: abin da zafin Afrilu ke yi wa ƙodar manomi da ɗan acaba, yadda barci ke rabuwa tsakanin isha'i da asuba da ƙailula, yawan ƙarfin da mace ke kashewa tsakanin rijiya da turmi a watannin bazara da rumbu ya yi ƙasa. Na'urar auna motsi irin ta bincike ba ta buƙatar intanet, tana yin mako guda da caji ɗaya, kuma ana iya wanke ta a ɗaura wa wani. Sharaɗin da ya kamata a gindaya wa duk mai zuwa da ita shi ne a bayyana wa mutane da harshensu abin da ake ɗauka da inda za a kai shi, a dawo musu da sakamako, kuma wanda aka tarar zuciyarsa na rikicewa ko jininsa ya hau a haɗa shi da likita da magani kafin a tafi rubuta takarda.